Birkin gaba mai cizo, da wautar da na tafka a kansa

Ranar Asabar na leƙa gidan ƙanwata a Tudun Wada, sai na tarar da ɗanta tsugune gaban wata tsohuwar mota Volkswagen Bitil da ya saya a hannun magada. Ya kwance tayar gaba ta hagu, ya cire gangar birki, ya zuba lainin, wato fatar birkin da ke gugar gangar, a tsohon kwano. Ga galan ɗin fetur a gefe, ga ashana a hannu, ga waya an jingine da dutse tana ɗaukarsa. Wai da ya ɗan taɓa birki sai ya cije, motar ta fizge hagu, kuma wani a gareji ya ce a ƙona lainin, man da ya sha zai fita. Na ce ya ajiye ashanar. Ya ce, "Kawu, ai haka ake yi." Na san haka ake yi, don da hannuna na yi.

Tawa Bitil ɗin haɗin Legas ce, kafin ta zo hannuna ta sha duniya. Lokacin ina koyarwa, SAP, shirin tsuke bakin aljihun da gwamnati ta kawo a 1986, ya fara gasa mana aya a hannu, kayan mota sun yi tashin gwauron zabi. Da damina cizon ya fara. In na fito da safe, takawar farko sai motar ta yi tsaye cik, goshina ya kusa dukan gilashi, bayan nan kuma sai ta saki. Wannan kam raɓa ce da ɗan tsatsan da ganga ke kwana da shi, takawa kaɗan ke share shi. To sai na saba, har lokacin da cizon ya daina tafiya da hantsi ya koma na wuni guda, ban lura abin ya sauya ba. Ko kuma na lura, na kau da kai, Allah dai ya sani.

Da na buɗe, lainin hagu ya yi baƙi yana danƙo. Robar silindar tayar, wadda ke tura lainin jikin ganga, ita ce ta mutu, man birki na tsatsafowa. Na ga jiƙar da idona. Na wanke lainin da fetur, na cinna masa wuta, na goge da samfefa, na mayar, silindar kuwa ban taɓa ta ba. A faɗi gaskiya, albashin ba ya kaiwa ƙarshen wata, ga yara, kuma manyan makanikai na Sabon Gari haka na ga suna yi, wa zai ce malamin makaranta ya fi su sani? Amma kuɗin robar nan bai kai abin da nake kashewa a teburin mai shayi ba. Rowa ce da ganin ido, ina so a ce Malam ya iya gyara da kansa.

Kwana kaɗan cizon ya dawo, don lainin kamar soso yake, wuta ta cinye na sama, zafin birki ya sake fito da na ciki. Sai na ƙara wata dabarar, na sassauta ajastar hagu, mai matso da lainin kusa da ganga, wai don kada ya riƙa kamawa da wuri. Feda ta yi zurfi, cizon yana nan. Daga baya na sa sabon lainin, amma a hagu kaɗai, silindar na ci gaba da yi masa wanka.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne yadda birkin ganga ke aiki. Lainin biyu ne a ciki, kuma ɗaya daga cikinsu juyawar gangar ce da kanta ke ƙara cusa shi jikinta da zarar ya taɓa. Shi ya sa ƙafa ba ta wahala. Shi ya sa kuma ɗan danƙo kaɗan ke zama cizo. Ga Bitil injinta a baya yake, gabanta ba nauyi, tayar gaba ba ta da wuyar kullewa.

Wata ranar aka yi yayyafi, muna gangarowa wajen Kwangila da maiɗakina, mai keke ya gitta. Ko taka birkin kirki ban yi ba tayar hagu ta kulle, motar ta juya muka faɗa lambatu. Mai keken ya tsira. Maiɗakina ce bakinta ya daki ƙarfen gaba, haƙori ya karye, har yau in ta yi dariya ina ganinsa. Na daɗe ina cewa santsin kwalta ne, kuma ai akwai santsin, sai dai motocin da ke bayana duk a kansa suka tsaya lafiya.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu abin da ya wuce minti ɗaya ba kwa saurare. Lainin da ya sha man birki ko giris, a jefar da shi. Kafin a sa sabo a nemo inda man ke fitowa: ko silinda, ko sil ɗin da ke tare giris ɗin boris. A canza hagu da dama tare, iri ɗaya, daga kwali ɗaya.

In ka buɗe ka tarar da komai a bushe, duba gangar. Ta ƙaramar Bitil milimita 230 ce a sabuwa, kuma abin da za a iya yankewa a cikinta ɗan kaɗan ne ƙwarai. Wadda ta karkace a kai a gyara zagayenta, wadda aka cinye a sauya, ko da sai an je Panteka a Kaduna. Girgiza tayar ka ji ko boris ya yi sako-sako. Sifirin da ya saki ba ya janye lainin, ka sauya shi. Bakin sabon lainin a ɗan karta shi ya kwanta, kada kaifinsa ya riga sauran taɓa ganga. Ƙurar ciki kuma kada ka hura ta da baki, tsofaffin lainin da asbestos ake yin su, yana lalata huhu.

Shawarata ta gaskiya, kada ka taɓa birki da kanka, kai wa mai sana'a. To amma mai sana'ar ne fa ya ce a ƙona, wani ma ruwan omo zai zuba maka a madadin man birki. Saboda haka koyi abin da kanka, ka tsaya a kansa yana yi, ka ajiye wayar nan. Kuna kashe kuɗi a fenti da kujeru don hoto, tiyon birki na roba kuwa tun na mai motar na farko. Tiyon nan yakan kumbura ta ciki alhali wajensa lafiya lau, mai ya shiga da ƙarfin ƙafa ya kasa komawa, birki ya riƙe. Ɗaga motar a jak, taka birki ka saki, ka juya tayar da hannu. In ta ƙi, ɗan sassauta noti na fitar da iska a bayan silinda. Mai ya yi tsartuwa tayar ta saki, to tiyon nan ka fara tuhuma, kuma shi ma biyu za ka saya.