Asabar, ranar gini

'Yan Kano sun iso Zariya a keke jiya bayan la'asar, ƙura har a gira. Kusan kilomita 150 a kan sirdi, suka ce a Kwanar Dangora da Tashar Yari kawai suka sauka, ban da inda faci ya tsayar da su. Mu 'yan gida muka tare su a Kwangila, muka rako su ta Tudun Wada har Ƙofar Doka, yara na bin mu da gudu. Dogo ya shigo gari da kaca tana kuka, amma bakinsa bai rufu ba don murna. A zauren Kawu suka kwana.

Yau ba hawa, ranar aiki ce. Ɗakin Malam ne, wanda ruwan Agusta ya kayar, tun lokacin shi da iyalinsa suke cunkushe a ɗaki ɗaya. Baba Magini ya riga ya sa yaransa sun yi tubali, hunturu ya busar da su sarai. Namu shi ne kwaɓa ƙasa da miƙo kaya. Da safe abin gwanin daɗi. Auta da su Dogo sun naɗe wando suna tattaka ƙasa da ƙafa, ana zuba ruwa ana barbaɗa ciyawa, ana tsokanar juna a kan wanda aka bari a baya jiya. Baba Magini ya hau kan bango ya zauna, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, sai a jefa masa tubali daga ƙasa ya cafe, ya dasa shi da faɗin a ƙasa tsinin a sama, ya cike tsakani da ƙasa. Jifan nan ashe sana'a ce. In ka yi da ƙarfi ya wuce shi, in ka yi sanyi ya faɗo ya fashe. Mun fasa da dama, har ya fara tsaki.

Sai ga Malam ya fito, ya cire babbar riga ya rataye a ƙofa. Bai ce wa kowa komai ba, ya sunkuya ya ɗauki tubali ya jefa. Cak, a tafin Baba Magini. Ya sake. Ko ɗaga kai Baba Magini bai yi ba, hannu kawai yake miƙawa. Cikin ɗan lokaci layi guda ya kusa kaiwa ƙarshe.

Nan Shugaba, jagoran tafiyar, ya taso da sauri ya riƙe masa hannu. "Haba Baba, don kai fa muka taso tun daga Kano. Ka zauna ka huta, yau ranarka ce."

Malam ya ce, "Ɗana, ɗakin nan ni da mahaifina muka ɗora shi."

"To ai shi ya sa. Kun yi naku, ku bar mana wannan."

Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. Ya mayar da rigarsa ya zauna. Daga nan har yamma aikinsa bai wuce "sannunku da aiki" da "Allah ya saka da alheri" ba, duk wanda ya gifta da kwanon sarki sai ya gaishe shi. In an zo ɗaukar hoto a tashe shi ya tsaya a tsakiya. Na lura tafin hannunsa da ƙasa ta bushe a kai, bai wanke ba sai da aka kira azahar, yana ta murza ta da yatsa yana kallon yadda muke fasa masa tubali.

Abin ya tsaya mini a rai. Bayan salla na ja Shugaba gefe na ce, "Yaya, me ya sa ba za mu bar shi ya yi ba? Ya fi mu duka iyawa." Ya ce in waɗanda suka ba da gudummawa suka ga bidiyon tsoho yana aikin lebura, matasa na tsaye, me za su ce? Ya ce kuma tarbiyyarmu ba ta yarda dattijo ya ɗauki kaya yaro na kallo ba. Na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Mutumin da ya tuƙo keke tun daga Kano don ɗakin wanda bai taɓa gani ba, ba zan ce ba shi da tausayi ba. Amma ban yarda da shi ba, har yanzu kuwa.

Shi da kansa ya kawo mana labarin Bike & Build tun farko, matasan Amurka da suka riƙa ratsa ƙasarsu a keke daga gaɓar Atilantika zuwa ta Fasifik, fiye da kilomita 5,000, suna tsayawa a garuruwa su yi yini guda suna gini. Sau da yawa da Habitat for Humanity suka yi aiki, ƙungiyar gina gidaje don marasa ƙarfi, wadda Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa a 1976 a jihar Jojiya. Kuma ƙa'idar Habitat ce cewa mai gida sai ya zuba awoyi masu yawa na guminsa a ginin. Marigayi Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ma yana da shekara casa'in da wani abu yana riƙe guduma a ginin Habitat, ba wanda ya shimfiɗa masa tabarma. Ba sai mun je can ba ma. Gayyar da muka taso muka gani a nan Zazzau, mai gona ne kan gaba da fartanya, shi ya kira mutane su taya shi. A garin da Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a da ƙasa, mu da ba mu iya jefa tubali ba muka zaunar da wanda ya iya. Gobe in baƙo ya tambayi Malam wa ya yi ɗakin nan, sai ya ce wasu yara masu keke.

Abincin rana dambu, matar Malam ce ta yi, ta ƙi karɓar ko sisi. Ita dai ba wanda ya iya hana ta.

Bango ya kai taga. Baba Magini ya ce a bar shi ya sha iska kafin a ɗora wani, azara kuma sai mako mai zuwa. Na tambaye shi wa zai riƙa miƙa masa in mun tafi. Ya ce, "Wa kuwa? Mai ɗakin mana."

Gobe Kaduna, wajen kilomita 80, bayan asuba za mu tashi, a Jaji za a karya. Tayata ta baya na sacewa, Auta ya kai wa mai faci. Akwai wani ginin a can ranar Litinin, kuma na gaya wa Dogo zan sake tayar da maganar nan a gaban kowa kafin mu kama hanya.