Talata: kukan kyaftin ba hukunci ba ne

Tun bayan asuba nake kan gyaran wani labarin yaƙin sararin samaniya, babi na 14 kaɗai ya cinye min yini. Kyaftin ya sa an buɗe ƙofofin da ke riƙe iska a unguwar masu haƙar ma'adinai a duniyar Mars, jama'a suka halaka. Bayan shafi biyu ya fashe da kuka, abokan yaƙinsa suka dafa kafaɗarsa, shi ke nan. Abin ya tsaya min a rai. Haƙƙin rai na iyalan mamaci ne, su ke yafewa ko su ƙi, amma ko mutum ɗaya cikinsu bai buɗe baki a littafin ba.

Na rubuta wa marubucin cewa ya kai kyaftin gaban shari'a, ya kuma fara da agogo. Saƙo daga duniyarmu zuwa Mars na ɗaukar minti 3 zuwa 22, gwargwadon tazarar lokacin. In kyaftin ya ce hedikwata ce ta umarce shi, sai mai gabatar da ƙara ya gwada lokacin isowar saƙon da lokacin buɗe ƙofa a kundin jirgin. In ƙofa ta riga saƙo, ƙarya ta ƙare. Ko da saƙon ne ya riga, sashe na 33 na Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ya ce umarnin kisan ƙare dangi ko laifi kan bil'adama haramcinsa a fili yake, ba ya wanke kowa. Sashe na 28 kuma ya kamo janar ɗin da ke ofis, muddin ya sani ko ya kamata ya sani, bai hana ba, bai kai ƙara ba. Kan irin wannan alhaki aka rataye Janar Yamashita na Japan a 1946.

Wa zai yi shari'ar? Sashe na 8 na yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ya bar hurumin jirgi da mutanensa ga ƙasar da ta yi masa rajista, wato wadda ta aike shi.

Injiniyan da ya kashe na'urar tsaron ƙofar ya fi damuna, don an bar shi fes a littafin. An taɓa yin irinsa a zahiri: injiniyan Jamus Arthur Rudolph ya kula da ƙera rokar yaƙi ta V-2 da gumin fursunonin sansanin 'yan Nazi na Mittelbau-Dora, inda kusan mutum 20,000 suka mutu. Daga baya ya jagoranci aikin rokar zuwa wata ta Saturn V a Amurka, ya bar ƙasar a 1984, ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Da la'asar na mayar da rubutun, na roƙi babi na 15 ya buɗe da wata uwa tana kiran sunayen 'ya'yanta a gaban alƙali.