Bayan an buga ƙararrawar tashi

Makarantun kuɗi masu bin tsarin ƙasashen waje sun san abin da ke ɗaukar hankalin iyaye. Ranar da aka zo duba makaranta, wurin ninƙaya ake fara nunawa, sai filin ƙwallo mai ciyawar roba, sai ɗakin kiɗa. Na daɗe ina koyar da tarihi a ɗaya daga cikinsu a Abuja, har aka ɗora mini kula da ayyukan da yara ke yi bayan an tashi daga aji. A nan na gane cewa kayan alatun nan ado ne kawai. Yaro yana gyaruwa ne idan aka ɗora masa nauyi na gaske, babba kuma ya janye hannunsa.

Tsarin IB (International Baccalaureate) muke bi, wato wani tsarin karatu na ƙasa da ƙasa wanda aka kafa a Jeniba a 1968. A shekaru biyun ƙarshe na sakandare ɗalibi yana ɗaukar darussa shida, iyakar makin da zai iya samu kuma 45 ne. Sai wani sashe da ake kira CAS, wato ƙirƙira da motsa jiki da hidimar jama'a, na tsawon aƙalla wata 18. Ba ya ƙara wa yaro maki ko ɗaya, amma in bai kammala shi ba, babu difloma. Wanda ya tsara haka ya san halinmu: da akwai maki a ciki, da tuni iyaye sun ɗauko malamin lesin a kansa.

Hidimar jama'a ita ce wadda aka fi yi wa kwaskwarima. Ƙarshen zango a tara buhunan shinkafa da kwalayen taliya, a shiga bas mai sanyi zuwa gidan marayu, a jera a yi hoto, a sa a Instagram. Marayun sun sami abinci, wannan kam ba laifi. Yaranmu dai yadda suka tafi haka suke dawowa.

Wasu 'yan mata ne suka zo da shawarar koya wa 'ya'yan masu shara da masu gadin makarantar karatu, duk Talata da ƙarfe huɗu. Suka shirya littattafai da alli, suka zauna, ajin kusan wayam. Na san dalili, na ja bakina na yi shiru, kuma shirun ya yi mini wuya. Da abin ya ishe su, ɗayarsu ta tari wata mai shara a bakin matakala ta rusuna: "Mama, ko mun yi laifi ne? Ba mu ga su ƙanina ba." Matar ta ajiye tsintsiya ta ce, "Haba 'yata, bayan la'asar ai Islamiyya suke tafiya. Alhamis ce ba su da karatu." Suka mayar da darasin Alhamis, har sai da aka aro kujeru daga wani aji. Yarinyar nan ta iya zayyana dalilan Yaƙin Duniya na Ɗaya tiryan-tiryan, amma ranar ce ta fara tambayar mutum kafin ta yanke abin da ya dace da shi.

Haka lambar yabon nan ta Duke of Edinburgh, wadda Yarima Philip na Ingila ya kafa a 1956, mai matakin tagulla da azurfa da zinariya. A matakin tagulla, 'yan shekara 14 ke yin tafiyar ƙafa ta yini biyu da kwana ɗaya a tanti, kowa da kayansa a baya, su kuma dafa abincinsu. Wahalar ba daga yaran take ba. Wata uwa ta kira ni da magariba: "Malam, in turo direba da kular abinci?" Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ƙa'ida ba ta yarda ba." Ɗan nata a lokacin yana tsugune yana kankare taliyar da ta kama a gindin tukunya, kuma tas ya cinye ta.

Kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, sau da yawa kwat da turanci ne. Amfaninsa yana fitowa ne kawai in aka ba yaro ƙasar da bai yarda da matsayinta ba, aka ce ya kare ta.

Abin da ya fi damuna shi ne tara ayyuka don cika takardar neman jami'ar waje. Za ka ga yaro yana muhawara, yana ƙwallon kwando, yana jaridar makaranta, yana kulob ɗin kwamfuta, ya isa gida bayan magariba ya yi barci a kan aikin gida. Ko'ina akwai sunansa, amma ba inda za a ji rashinsa in bai zo ba. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo mini fom ɗin shiga kulob na uku, nakan riƙe birona in tambaye shi wanne zai bari a cikin biyun farko. Yawanci sai su ce za su yi shawara da Mami.