Daren da Aka Buɗe Gasar Kofin Duniya a Al Bayt

Tun bayan sallar Azahar na bar masaukina a Doha ranar Lahadi, 20 ga Nuwamba, 2022, domin duk wanda na tambaya sai ya ce min hanyar Al Khor, garin da filin wasa na Al Bayt yake, za ta cika maƙil. Kwana biyu ke nan da saukata a filin jirgin sama na Hamad, da katin Hayya a wayata. Katin nan shi ne izinin shiga ƙasar, shi ne kuma tikitin hawa jirgin ƙasa da bas kyauta. Na bi jan layi har tashar Lusail, inda layin ya ƙare, daga nan aka ɗebe mu a manyan bas muka miƙi hanyar arewa.

Cikin kwana biyun nan ban ji ana hirar ƙwallo sosai ba. Ranar Juma'a aka sanar da cewa ba za a sayar da giya a filayen wasa ba, saura kwana biyu kacal a fara. Ranar Asabar shugaban FIFA, Gianni Infantino, ya shafe kusan awa guda gaban 'yan jarida yana kare Katar, yana zargin Turawa da munafunci. Tun daga 2010 da aka ba ƙasar wannan gasa ake ta cece-kuce a kanta, kuma a bas ɗinmu ma maganar ke nan, kowa da harshensa.

Motoci sun yi cirko-cirko tun kafin mu hango filin. Da muka hango shi kuwa, sai bas ya yi tsit na ɗan lokaci. An gina shi ne da siffar tantin Larabawan daji, baƙi da ratsin fari, ƙato a tsakiyar fili fetal, rana na shirin faɗuwa a bayansa. A bakin hanyar manyan baƙi an jera mahaya raƙuma da dawakai.

A ƙofar bincike ne wani mai gadi ya duba sunana a kati, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa." Na tsaya cak. Ɗan Ghana ne, matashi, Hausarsa raɗau. Na ce, "Ɗan'uwa, kai ma za ka ga wasan?" Ya girgiza kai. "Ina fa, Alhaji. Tun hantsi muke nan, sai an watse za mu tashi. Ihun dai za mu ji." Na lura da takalminsa ya yi fari fat da ƙura, ga gorar ruwa ya soke a aljihun wando. Layi na matsa min ta baya, dole na yi masa sallama na wuce. Na yi Magariba a ɗakin salla na cikin filin, sannan na haura kujerata can sama, inda iska mai sanyi ke hurowa daga ƙarƙashin ƙafafunmu.

Da aka kashe fitilu, abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zaman da dattijon ɗan wasan kwaikwayo na Amurka, Morgan Freeman, ya yi a ƙasa, gaban Ghanim Al-Muftah, matashin Katar da aka haifa da lalurar da ta hana ƙasan jikinsa girma. Dattijon ya yi tambaya a kan yadda al'ummomi masu yawa za su haɗu wuri guda, yaron ya amsa masa da aya ta 13 ta Suratul Hujurat, wadda ta ce an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna. Tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa zaton zan ji karatun Alƙur'ani a buɗe gasar ƙwallon duniya ba, mutum sama da 67,000 suna saurare, kuma ba zan ɓoye ba, na share hawaye. Wani Balarabe da ke gefena ya riƙe hannuna gam, bai ce komai ba.

Sauran shagalin ya wuce da sauri: masu rawar takobi, ganguna, wani mawaƙi daga Koriya ta Kudu, sai wasan wuta a saman tantin.

Amma fa akwai wani biki na biyu da ake yi a rumfar manya, kuma ina ganin shi ne Katar ta fi kashe wa kuɗi. Duk lokacin da babban allo ya hasko wurin, sai in ga Sarkin Katar, Tamim bin Hamad Al Thani, ga Yarima Muhammad bin Salman na Saudiyya kusa, ga Shugaba Sisi na Masar. A watan Yunin 2017 waɗannan ƙasashe biyu, tare da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain, suka yanke hulɗa da Katar, suka rufe mata iyaka ta ƙasa da sararin sama. Sai a Janairun 2021 aka sasanta a garin Al-Ula. Yau ga su zaune a gidan wanda suka juya wa baya, suna tafa masa. Washegari kuma na ga hoton Erdogan na Turkiyya yana musabaha da Sisi, mutanen da ke gaba da juna tun 2013, Sarkin Katar na tsaye a gefensu yana murmushi. Ƙaramar ƙasa ce da ba ta kai mutum miliyan uku ba a lokacin, amma a daren nan ta nuna wa maƙwabta cewa ba a yi da ita a ɓoye.

Daga baya na ji cewa BBC ba ta nuna bikin a babbar tasharta ba, ta cika lokacin da batun haƙƙin ɗan Adam. Abin ya ɓata min rai, domin shekara huɗu kafin nan an yi gasar a Rasha ba a ga irin wannan tsantseni ba. Sai dai ɓacin raina bai wanke Katar ba. Jaridar Guardian ta ruwaito a 2021 cewa ma'aikata baƙi sama da 6,500 daga ƙasashe biyar na kudancin Asiya sun mutu a ƙasar cikin shekara goma, ta dalilai daban-daban. Hukumomi sun musanta cewa gasar ce sanadi, amma kafin a gama wasannin rukuni, jagoran shirya gasar, Hassan Al-Thawadi, ya faɗi da bakinsa cewa waɗanda suka mutu a ayyukan da suka shafe ta sun kai 400 zuwa 500. Gaskiya ne an yi gyara a tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci baƙo ga ubangidansa, an kuma sa mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata. Amma ayar da aka karanta ta haɗa har da waɗanda suka ɗora tantin nan cikin zafin bazara, kuma ban ga an tuna da su a dandalin ba.

Ƙarfe bakwai aka take leda tsakanin Katar da Ikwado. Minti uku da farawa Enner Valencia na Ikwado ya jefa ƙwallo a raga, na'ura ta ce an yi satar gida. Bai haƙura ba: ya ci a bugun fenareti a minti na 16, ya ƙara da ka a minti na 31. 'Yan wasan Katar sun rikice, kamar nauyin shekara goma sha biyu ne aka aza musu a ka. Da aka dawo hutun rabin lokaci kujeru sun fara zama wayam, fararen riguna na ta sulalewa don gudun cunkoson hanya. Na ji zafin haka saboda yaran da ke cikin fili. Aka tashi biyu da nema, karo na farko da mai masaukin baƙi ya sha kashi a wasan buɗe gasar.

Na zauna har aka busa tashi. A hanyar fita na ratse ta ƙofar da na shigo, na tarar da mai gadin nan yana nuna wa jama'a wajen bas, muryarsa ta dishe. Ya gane ni. "Alhaji, yaya aka tashi?" Na faɗa masa. Ya ce shi dai jiran Alhamis yake, ranar da Ghana za ta kara da Fotugal, in Allah Ya sa ba shi da aiki. Na ce Allah Ya ba su sa'a, ya ce amin, ya juya ga ayarin 'yan Ikwado masu ruwan ɗorawa da ke tahowa suna waƙa.