Jan garehul kafin karin kumallo: abin da na gani a jikina

Garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, ba baƙo ba ne ga mazaunin Kassala da ke gabashin Sudan. Lambunan Sawagi da ke bakin kogin Gash suna cika kasuwa da shi, musamman idan sanyi ya shigo. Sai dai yawancinmu ba cinsa muke yi ba, shan sa muke yi: a matse, a tace, a zuba sukari har ɗacin ya ɓace. A ganina, a nan ne ake zubar da rabin amfaninsa.

Da teɓa ta fara fito mini, gwiwoyi kuma suka soma ƙorafi wajen tashi daga sujada, sai na ɗauki al'adar cin rabin jan garehul kafin in zauna kan kwanon ful, wato dafaffen waken da muke ci da hantsi. Ina ɓare shi kamar lemon zaƙi, in ci tsokar tare da siririyar fatar da ke raba ɓangarorin. Fatar nan ita ce mai ɗaci, amma a cikinta da tsokar ne harzar take, wadda ke cika ciki ta kuma taimaka wajen bayan gida. Matsewa da tacewa kuwa shara suke kai ta.

Rabin ɗan matsakaici, wato kamar giram 120, kalori 50 da 'yan kai kawai yake ɗauke da su, kusan kashi 88 cikin ɗari ruwa ne. Bitamin C ɗinsa ya kusa miligiram 40, wajen rabin abin da babba ke buƙata a yini. Wannan bitamin yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, don haka haɗa shi da ful ba ƙaramar dabara ba ce, musamman ga mata masu fama da ƙarancin jini. Jan launin kuma daga laikofin yake, sinadarin da ke sa tumatir da kankana ja. Shi da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A su ne suka fifita ja a kan fari. Asalin 'ya'yan itacen daga tsibirin Barbados ne, jan iri mai suna Ruby Red kuma a wani lambu a Texas ta Amurka aka gano shi a 1929.

Na ragu, wandunan da na jingine sun sake shiga. Amma ba zan ce garehul yana narka kitse ba kamar yadda masu talla ke faɗa. Abin da ya faru shi ne ina isa kan abinci da ciki rabi a cike, burodin da nake ci ya ragu, shayi mai sukari na safe ya fita daga lissafi. Agashe kam ban bari ba, Bahaushen Sudan ba ya wannan alkawari. Tsaminsa yana taɓa haƙori, shi ya sa nake kuskure baki da ruwa bayan na ci, ba na goge haƙora nan take.

Da Inna ta ga ina ci kullum ta ce a riƙa yanka mata. 'Yar yayata da ke aikin kantin magani tana wurin, sai ta ce: “Kawu, a dakata tukuna. Wace ƙwayar hawan jini Hajiya take sha?” Muka ɗauko kwalin, nifedipine ne. Ta ce sam, kada ta ci.

Bayaninta shi ne, garehul na da wasu sinadarai da ke dakatar da aikin wani abu a hanji mai suna CYP3A4, wanda shi ke rage ƙarfin wasu magunguna kafin su shiga jini. Idan ya tsaya, ƙwaya ɗaya sai ta yi aikin fiye da ɗaya, jini ya faɗi, mutum ya ji jiri. Wani masani a Kanada, David Bailey, shi ya gano haka a 1989. Raba lokaci ba ya magance matsalar, domin tasirin yana iya kai kwana ɗaya zuwa uku. Haka abin yake ga simvastatin da atorvastatin na rage kitsen jini, da cyclosporine da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ke sha.

Yanzu idan na je kasuwa, garehul nake zaɓa wa kaina, mai nauyi a hannu da santsin ɓawo domin shi ya fi ruwa. Inna kuwa lemon zaƙi da gwaiba nake kawo mata, waɗanda ba su da rigima da maganinta.