Asabar a Dresden, a cocin Frauenkirche

Yau na yi sammako na hau jirgin ƙasa daga Leipzig zuwa Dresden, a ƙasar Jamus. Sanyi ne mai shiga ƙashi, amma sama garau take. Ban tsaya ko'ina ba sai dandalin Neumarkt, inda cocin Frauenkirche yake, ga mutum-mutumin Martin Luther, malamin Jamus da ya assasa tafiyar Furotesta, tsaye a gabansa.

Tun daga nesa jikin ginin ya ɗauke mini hankali. Duwatsun farare ne, sai ga baƙaƙe jefi-jefi a tsakaninsu kamar wake a cikin shinkafa, wani ɓangaren bangon ma baƙi ne tun daga ƙasa har sama. Baƙaƙen nan su ne na asalin ginin. A daren 13 ga Fabrairun 1945, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, washegari na Amurka suka biyo baya, mutum kusan 25,000 suka rasa rayukansu. Cocin bai faɗi a daren ba. Wuta ce ta yi ta cin cikinsa har ginshiƙan suka gaza, da safiyar 15 ga wata tulluwar ta rufto.

Ita wannan tulluwa abar kallo ce. George Bähr, babban kafintan birnin, shi ya tsara ginin aka fara a 1726, kuma ya dage sai an yi ta da dutse zalla, nauyin tan kusan 12,000 a kan ginshiƙai takwas. Da yawa sun ce ba za ta tsaya ba. Ya rasu a 1738, aka kammala a 1743 ba ya duniya. A 1760 sojojin Prussia, wata tsohuwar daula ta Jamus, suka yi ta harba mata igwa, ko gezau. Na daɗe ina ɗaga kai ina tunanin mutumin da sana'arsa katako ce amma ya amince wa dutse haka.

Akwai wani abu da ya ƙara mini ganin girman mutanen garin. Mai mulkinsu a lokacin, Augustus, ya koma Katolika tun 1697 don ya samu sarautar Poland. Su kuwa suka tsaya a ɗarikarsu ta Luther, majalisar birni ta ɗauki nauyin ginin.

Da na shiga ciki na ga bambancinsa da dogayen cocin da na saba gani a Turai. Wannan a kewaye yake, benaye hawa-hawa sun zagaye shi, mumbari na tsakiya a gaba. Duk inda ka zauna kana ganin mai wa'azi kana jin sa, domin a wurin Furotesta wa'azi shi ne kan gaba a sujada. Launin ciki ya ɗan yi mini yawa, ruwan hoda da shuɗi-shuɗi da ruwan zinariya, amma haka salon zamaninsu yake. Bagaden, mai nuna Yesu yana addu'a a Getsamani, an sake haɗa shi ne daga gutsattsari kusan 2,000 da aka tsinto cikin ɓaraguzai. Bach, shahararren makaɗin Jamus, ya taɓa kaɗa tsohon ogan ɗin wurin, wato babban abin kiɗan coci, a 1736. Na yanzu sabo ne, na ji shi a addu'ar tsakar rana, har benci yana rawa.

Bayan rushewar cocin, fiye da shekara 45 tarin duwatsunsa yana zube a tsakiyar gari, zamanin Jamus ta Gabas. A 1982 matasa suka fara kunna kyandir a wurin ranar 13 ga Fabrairu suna neman zaman lafiya. Bayan haɗewar Jamus aka kwashe ɓaraguzan a 1993, kowane dutse mai amfani aka auna shi, aka ba shi lamba, aka nemo inda yake a da. An fara gini a 1994, aka keɓe cocin ranar 30 ga Oktoban 2005. Kuɗin ya kai kusan Yuro miliyan 180, fiye da rabi gudummawar jama'a ce. Gicciyen zinariya da ke can ƙoli daga Birtaniya ya zo, wanda ya ƙera shi, Alan Smith, ɗan ɗaya daga cikin matuƙan jiragen da suka kai harin ne. Tsohon gicciyen kuwa yana ciki, a lanƙwashe, wuta ta cinye shi, mutane suna kunna kyandir a gindinsa. Nan ne hawaye ya zo mini.

Akwai waɗanda suka so a bar kufan yadda yake, ya zama gargaɗi. Na fahimce su, amma ina ganin abin da aka yi ya fi. An mayar wa masu ibada ɗakinsu, kuma ba a share tabon ba.

Da yamma na kira Baba, da yake magini ne, na tura masa hotuna. Ya yi shiru yana dubawa, sannan ya ce, "'Yata, irin wannan dutse ai da shekaru yake baƙi. Sababbin ma za su bi sahu." Na ce, "Haka ne Baba, su ma masu kula da wurin abin da suka faɗa ke nan." Wannan ya tsaya mini a rai, don nan gaba mai wucewa ba zai iya bambance tsoho da sabo ba sai an nuna masa. Baba ya ce in na koma in ɗauko masa hoton gindin ginshiƙan da kyau, yana son ganin yadda suka raba nauyin. Na yi masa alkawari, kuma a ranar zan hau can saman tulluwar, don yau layin ya yi tsawo ga jirgina na shirin tashi.