Akwatin gefen da ya ƙi zama wuri ɗaya

Kawuna yana sayar da albasar Galmi a nan Tawa, ni na haɗa masa shafin intanet da WordPress, manhajar haɗa shafuka. A gefen dama na sa akwati mai lambar waya da farashin buhu. Wata safiya ya kira ni.

"Ɗana, wani mai saye daga Abijan ya ce bai ga lambata ba."

Na buɗe shafin farko, ga akwati daram. "Kawu, tana nan fa."

"To, shi makaho ne?"

Ba makaho ba ne. Da na shiga rukunin farashi, inda labaran farashi ke jere, sai na tarar akwatin ya zame can ƙasa, a cikin kowane labari kuma babu shi sam.

Kwana biyu na ɓata ina taɓa CSS, wato umarnin da ke tsara kamannin shafi, ina rage faɗi ina ƙarawa, kamar mai shafa magani a ƙafa alhali ciwon a ciki yake. Abin da ban kula ba shi ne, WordPress ba da fayil ɗaya yake zana ko'ina ba. Labari guda daga single.php yake fitowa. Rukuni kuwa sai ya nemi category.php, in babu ya koma archive.php, in babu wannan ma ya faɗa kan index.php. Shafi ɗaya, tela uku.

Na jera fayilolin ina karantawa layi-layi. A single.php babu get_sidebar(), layin da ke kiran akwatin gefe, kwata-kwata. Nan na tuna watannin baya na taɓa ƙara shi da hannuna a cikin ainihin rigar shafin (theme, wato tarin fayilolin da ke ba shafi siffarsa), da aka sabunta ta gyaran ya tafi. A category.php kuma laifina ne tsantsa: na buɗe div, alamar da ke killace sashe na shafi, ban rufe ba, akwatin ya faɗa cikin jikin rubutu, ya rasa wurin tsayawa sai ƙasa.

Wannan karon ƙaramar riga na yi mai gadon babbar, na kwafi fayilolin biyu can na gyara, don sabuntawa ba ta taɓa su. Na duba, babu abin da ya canza! Gabana ya faɗi. Ashe tsohon shafin ne ma'ajiyar wucin gadi (cache, mai adana kwafin shafi) ke ta nuna mini; ina share ta komai ya hau layi.

Da yamma na kai wa Kawu rumfarsa. Ya duba a salularsa, ya ce har yanzu lambar tana ƙasa. Na ce a ƙaramin allo haka rigar ke yi da gangan, gefe ba ya samun wuri.

"Masu sayena duk da salula suke dubawa," in ji shi. "Maida ta sama."

A nan kan buhun albasa na zauna na maida ta.